Lallen Ƙafa a Gemuna

Ban taɓa shan wahalar banza irin ta gemun nan ba. Shekara ashirin da ɗoriya ina tattalinsa, kwana biyu suka raba mu.

Ran Asabar za mu Gidan Sori neman wa ɗan ƙanena aure. Ni ne babba, ni zan yi magana. Furfura kuwa ta fara cin gemun, ban so. Ran Alhamis na tarar da sauran lallen da maiɗakina ta kwaɓa, na kwashe na dumbuza wa gemu, ban tambaye ta ba. Ashe ba lalle ne zalla ba, ta haɗa da wani jan gari da ake kawowa daga Najeriya. Da na wanke sai ga shi jawur kamar an tsoma a manja.

Ta dube ni ta ce, "Malam, na ƙafa ne fa. Ƙafar ce ta hau haɓa?"

Na sa sabulu, na sa toka, na sa lemun tsami. Ko gezau.

Ran Juma'a na rufe fuska na tafi wurin wani mai aski a bakin tashar Tibiri, wanda ke rina wa ƴan ƙwallo kai.

"Baba, ƙaramin aiki ne," in ji shi. "Akwai maganin da ke cinye kala. Fari tas zai dawo."

Ya kwaɓa wani gari da wani ruwa. Warin kamar fitsarin awaki da ya kwana a ɗaki. Ya yaɓa mini, ya ɗaure da leda. Haɓata ta kama zafi kamar an goga barkono, hawaye na zuba.

"Daure Baba, aiki yake yi."

Da ya kwance, fari bai zo ba. Rawaya ne, irin na ƙwaiduwa, gindin kuma da sauran ja. Gashin ya yi laɓo-laɓo, in na taɓa sai ya biyo yatsa. Fatar ta saɓule tana ruwa.

"Wallahi irin wannan Turawa ke biɗa," in ji mai askin.

"Bature na ce maka zan zama? Neman aure za ni!"

Ya ce mu ƙara zagaye na biyu. Na tofar da yawu na fita.

Da la'asar ƙanena ya zo, ya daɗe yana kallona.

"Yaya, da wannan za ka zauna gaban mutane? Ba mai jin abin da kake faɗi, gemun za su saurara. Ko Kawu ya je a madadinka?"

Wannan ta fi maganin zafi. Tun rasuwar mahaifinmu ba wanda ya yi magana da yawun gidan nan sai ni. Tuwo ma ban iya ci ba, kowace loma da warin take shiga.

Ana sallame asuba na buga wa wanzami ƙofa.

"Duka?" ya ce.

"Duka."

Aska ta bi ta kan ɗanyar fata, ban dubi abin da ke zuba ƙasa ba. Na sa babbar riga, na hau bayan moton ƙanena, iska na dukan haɓata tsirara, muka kama hanyar Gidan Sori.