Ummusalama Mai Dalluka da Akwatin Kiɗa

Ummusalama ba ta gaji kiɗa ba. Ubanta manomin dawa ne a Mafaza, jikan mutanen da suka taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar Makka, suka tsaya bakin kogin Rahad don su yi noman damina ɗaya, daga nan ba su sake tashi ba. A gidansu ko tafi mace ta yi da ƙarfi sai an harare ta. Sai da aure ya kawo ta Gadarif sannan ta koyi dalluka, a wajen wata tsohuwar maƙwabciyarta Balarabiya wadda hannunta ya fara rawa, tana neman mai riƙe mata ganga. Dalluka tukunyar yumɓu ce mai dogon wuya, an rufe bakinta da fatar akuya, kuma ba a buga ta sai an gasa fatar a kan garwashi ta ɗaure. Mata ke buga ta, a taron mata.

Mijinta Yahya direban babbar mota ne, yana ɗaukar riɗi zuwa tashar jirgin ruwa. Bai so sana'ar ba, bai kuma hana ba. Da ya rasu, dallukar ce ta ciyar da gidan. Ummusalama tana waƙa da Larabci tana yi da Hausa, don haka gidajen Larabawa na kiranta, na Hausawa ma na kiranta. Babban aikinta koya wa amare rawa. Amarya za ta yi makonni tana zuwa gidanta da hantsi, ita tana bugawa tana gyara mata kafaɗa da wuya, har ranar da za ta fito gaban mata. Akwai shekarun da idan kaka ta yi, aka sayar da riɗi, sai ta riƙa mayar da mutane saboda yawan biki.

Samari masu orgun, fiyanon nan na lantarki, su suka fara rage mata kasuwa. Yaro ɗaya da lasifika biyu sai ya cika unguwa da kiɗan zanig, 'yan mata kuma shi suke so. Duk da haka tana samun na cefane, don uwayen amare ba su yarda a yi rawar amarya ba dalluka ba. Sai yaƙi ya zo. Gadarif ta cika da mutanen Khartum da na Madani, har azuzuwan makaranta suka zama ɗakunan kwana. Aure bai tsaya ba, amma ya koma fatiha da dabino. Wanda ya samu hali ya yi taro kuwa, ba ya iya biyan mai dalluka da 'yan amshinta biyu da abincinsu. Sai ya kira wani mai kwamfuta, ko a jona waya da lasifika a wuce wajen. 'Yan amshin nata ɗaya ta koma sayar da shayi, ɗaya ta bi 'yarta Kasala. Ita kuma lokacin ta haura hamsin, kafaɗar dama ta fara yi mata ciwo.

Cikin waɗanda yaƙin ya koro har da Najwa, 'yar ƙanenta Kamal, wadda take karatu a jami'a a Khartum. Ta iso da jaka ɗaya da kwamfutarta da ta naɗe cikin zani. Zaman banza ya ishe ta, sai wata rana da wutar kahraba, wato lantarki, ta zo ta ce wa gwaggonta ta gasa dalluka. Ta sa ta ta buga tsakiya sau ɗaya, gefe sau ɗaya, ta yi tafi, ta yi guɗa, duk ta ɗauka a kwamfutar. Sannan ta kamo yatsan Ummusalama ta ɗora a kan wani harafi. Dallukar ta yi magana daga cikin kwamfuta, muryarta sak. Ummusalama ta janye hannu, ta sake dannawa, ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba.

Najwa ta yi mata bayani cewa da wannan manhajar da ke cikin kwamfutar mutum ɗaya zai iya zama mutum huɗu. Ta buga kiɗa ya riƙa maimaita kansa, ta ɗora tafi a kai, ta ɗora amshi da muryarta, sannan ta yi waƙa a samansu. Ba ta bukatar 'yan amshi, ba ta bukatar garwashi. Sai dai haruffan kwamfuta ba a yi su don kiɗa ba, ba su san bugun ƙarfi da na lallashi ba. Akwai na'urar da ake jonawa don wannan, kuma ta ji an ce wani mutumin Omdurman yana sayarwa a kasuwa.

Sunansa Elfatih. A da yana da shagon kayan kiɗa, yanzu teburi ne gare shi a bakin rumfar mai gyaran waya, da abin da ya iya fitowa da shi a bayan mota. Ummusalama ta karɓi kwasar adashinta, suka hau raksha, keken haya mai ƙafa uku, suka je, taɓon damina har idon sawu.

Abu uku ya ajiye musu. Na farko orgun ne tsoho, mai lasifikarsa a jiki, yana kuma aiki da batir. Da ya faɗi kuɗinsa sai suka juya ga na kusa da shi, shi ma bai sake ambata ba. Na biyu ɗan fiyano ne da bai fi kamu ɗaya ba, madanninsa guda ya mutu. Na uku akwati ne baƙi kamar faranti, da gidajen roba goma sha shida a jere, huɗu-huɗu kamar dara, suna kawo haske in an taɓa.

Najwa ɗan fiyanon take so. Ta ce da shi ana yin kiɗa ana kuma yin karin waƙa, irin wanda 'yan mata ke so, mataccen madannin kuma yana can gefe, ba kullum ake bukatarsa ba. Ummusalama ta ɗora yatsu a kai, ta ji sun yi mata sirara, suna nutsewa kafin su yi magana. Ta ce ita ba ta san wannan yaren ba, kuma ba ta da shekarun koyonsa. Elfatih ya jona akwatin da kwamfutar Najwa. Ummusalama ta buga gida ɗaya da ƙarfi, ya amsa da ƙarfi. Ta shafa shi, ya amsa a hankali. Ta yi ɗan kiɗan amarya da yatsu huɗu, har mai gyaran waya ya ɗago kai.

Elfatih bai yi murna yadda mai sayarwa ke yi ba. Ya ce mata da Larabci, “Ya hajja, bari in gaya miki gaskiya. Wannan da ɗan fiyanon duka bebaye ne. Ba su da murya sai ta kwamfuta. Ranar da babu kwamfuta, faranti kika saya. Da ni ne ke, in haƙura in tara har in sayi orgun.”

“In tara daga ina?” in ji ta.

Ya rage mata abin da zai iya, ya ƙara mata igiyar jonawa a kai, ya nannaɗe akwatin da jarida.

Watannin da suka biyo baya su ne masu daɗin labarin. Wuta ba ta da lokaci, don haka duk sa'ar da ta zo sai su bar abin da suke yi, ko da wainar kisra ce a kan wuta. Ummusalama ta koyi bugu da kan yatsu maimakon tafin hannu, kafaɗar ma ta samu sauƙi. Ta haddace gidajen: na ƙasa dalluka, na biyu tafi, na sama guɗa da amshi. Abin da ke cikin kwamfutar kuwa ba ta taɓa gane shi ba. Najwa ce ke buɗewa, ita ke rufewa. Sun yi taron lalle guda da la'asar a gidan wata maƙwabciya, da lasifikar aro. Mata suka taru suna leƙen akwatin, suna jin Ummusalama tana yi wa kanta amshi. Cajin kwamfutar ya ƙare kafin magariba, amma an yi rawa, har mutum biyu suka tambayi ko tana zuwa Mafaza.

Ba a kai ga zuwa Mafazar ba. Jami'ar su Najwa ta sanar cewa za a ci gaba da karatu da jarrabawa a wani gari, kuma duk karatun nata yana cikin kwamfutar. Yarinyar ta yi kuka, ta ce za ta bar ta. Ummusalama ta ce ko da wasa kada ta sake faɗa. Kafin ta tafi, Najwa ta sa mata wata manhaja a waya, ta sayo ɗan ƙaramin mahaɗi da ke jona akwatin da wayar, ta kwashe muryoyin dalluka ta zuba a ciki. Gidajen suka kawo haske. Aka ce alhamdu lillahi.

Sai da ta zauna ita kaɗai ta gane matsalar. Idan ta buga, sautin ba ya zuwa tare da yatsa. Yana zuwa a baya kaɗan, kamar mutumin da ake kira yana amsawa daga wani ɗaki. Jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, wanda ba makaɗi ba ma ba zai ji shi ba. Ita kuwa shekara talatin hannunta da kunnenta suna tafiya tare. Ta yi wa Najwa saƙon murya, Najwa ta ce ta kashe duk abin da ke buɗe a wayar, ta goge hotuna. Ta goge har da na jikokinta. Bai canza ba.

Ba ta daina ba, don ta riga ta sa adashinta a ciki. Ta koya wa hannunta ya riƙa riga kunnenta, ta buga tun kafin lokacin bugun ya yi, don sautin ya faɗo daidai. Wata rana ya yi, wata rana ya ƙi, domin jinkirin ma ba ɗaya ba ne, in wayar ta yi zafi sai ya ƙaru. Ta koma wajen Elfatih, ta same shi yana ɗaure kaya, zai koma ya ga abin da ya rage na shagonsa. Ya gwada, ya ce akwatin lafiyarsa ƙalau, wayar ce ba ta da ƙarfi, kuma wadda za ta iya aikin ta fi orgun ɗin nan tsada. Ta tambaye shi ko zai karɓi akwatin. Ya ce ma'alesh, ta yi haƙuri, shi ma kuɗin mota yake nema, kuma a Gadarif bai san wanda zai saya ba in ba ita ba.

Ana cikin haka wata mata mai suna Huda, wadda Ummusalama ta koya wa rawa shekarun baya, ta zo ta ce 'yarta za ta yi aure, kuma dalluka take so irin ta da. Ummusalama ta ji daɗi. Ta sauko da dallukar, ta gasa ta, ta fara koya wa yarinyar. Tun a kwanakin farko ta lura hannunta yana sauka kafin lokaci. Ta ɗauka rashin bugawa ne, zai warware.

Ranar taron, tsakar gida cike da mata, amarya ta fito cikin jan tobe, lafayar matan ƙasar, da zinariya. Waƙa ta farko ta wuce lafiya. A ta biyu, daidai inda amarya za ta karya wuya ta juya, hannun Ummusalama ya riga ta. Yarinyar ta yi tuntuɓe da kiɗan, ta tsaya, ta dubi uwarta. Aka sake ɗauka, ya sake faruwa. Ba wadda ta yi dariya. Huda ta zo ta durƙusa kusa da ita, ta ce a hankali, “Inna, ki huta, na ga kafaɗar ce.” Wata daga cikin ƙawayen amarya ta jona wayarta da lasifika, aka ƙarasa rawar. Huda ta biya ta cikakke, ta haɗa mata da abinci a kwano, ta raka ta har bakin titi.

Daga ranar ba a sake kiranta ba, ita ma ba ta nema ba. Najwa tana aiko saƙo jefi-jefi, tana cewa in ta gama ta samu aiki za ta sayo mata kwamfuta ko da ta hannu ce. Ummusalama tana amsa mata da in sha Allahu, ta tambayi ko tana cin abinci.

Da kaka ta yi, wani mai gona ya zo unguwar yana neman matan da za su dafa wa masu yankan riɗi a Fashaga. Ta ba da sunanta, ta rufe ɗakinta, ta hau bayan tirela da buhunan gari. A can rumfar kara ce a tsakiyar gona, ruwan sha a tanki, ma'aikata kuma sun fi arba'in, wasu daga Habasha, wasu daga yamma. Tana tuƙa asida, tuwon dawa, a tukunyar da sai ta miƙe tsaye take iya juya muciya. Da yamma ɗayar mai dafuwar kan shafa mata man riɗi a kafaɗa. Masu yankan suna waƙa a bakin aiki, wani lokaci suna buga jarka. Ba wanda ya san abin da take yi a da, ita ma ba ta faɗa ba.

Da aka gama riɗi, mai gonar ya ce yana da dawa wajen Gallabat da za a fara yanka, in tana so ta bi su. Ta tambaye shi ko akwai inuwa a can. Ya ce za a kafa rumfa. Ta ce to, za ta je.