Tabaran Alhaji

Ni dai boko bai karɓe ni ba, na tsaya a aji uku na sakandare na koma acaba a Dutsin-Ma. Amma in tatsuniya ce, na yi digiri a gaban Iya, kakata ta wajen uwa, can gidanmu na Birchi.

Lokacin sanyi, da an idar da isha'i sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta fara komai sai ta ɗauko tabarau daga cikin gwangwani, ta goge da bakin zane ta maƙala. Tabaran kakanmu ne marigayi, Alhaji, da ya sayo a Makka. Ƙafa ɗaya ta karye an ɗaure da zare. Duk wanda idonsa ya yi hazo a gidanmu, shi ake ara masa. Wa zai je asibiti alhali ga abin da ya ga Ka'aba?

"Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri," in ji Iya.

Mu ce, "Ta shigo, mun share mata tabarma."

Wadda ta fi yi mana ita ce ta akuya. Wai wata akuya ce ganinta ya fara dushewa. Aka ce ta haye rafi wajen mai duba ido, ta ce nisa. Sai ta je wajen shaho ta ce ya ara mata nasa idon. Da ta saka, tana tsaye a Kurfi tana hango ɗanyar ciyawa a bakin madatsar ruwan Zobe. Murna kamar ta yi hauka. Ta miƙa wuya ta kama hanya, idonta na can gaba. Ashe kura na tafe a gefenta, kafaɗa da kafaɗa, har tana taya ta hira.

"Ba ta gan ta ba, Iya?"

"Ina hwa. Idon aro nesa shika gani. Kura kuwa ta gefe takan zo."

Ni da bakina ba ya zama, na ce, "Amarya, ke ma ai naki na aro ne."

Ta jefo min ɓawon gyaɗa. "Ji mijin banza, ko kuɗin cefane babu sai baki. Wanga daga Makka ya hito."

Muka yi ta dariya. Ɓawon kuwa Hadiza ya samu, ƙanwata, don Iya ba ta saitin komai. Takan taka buta, takan yi karo da turmi, mu ce tsufa ne. In na lallaɓo ta gefenta na kwashe gyaɗar da ta gasa, sai na cinye ba ta sani ba. Har kirari nake wa kaina, wai na iya sata.

Sai da ta fara laluben ƙofar ɗakinta da rana tsaka aka kai ta asibitin ido a Katsina. Ni na riƙe mata hannu, lokacin na fara gemu. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Ba ya ciwo, ta gefe yake ci, a hankali, har ya bar wa mutum ɗan rami a tsakiya, daga baya ya rufe shi. Abin da ya ci ba ya dawowa. Da an zo da wuri, maganin ɗigawa zai tsayar da shi. Ya juya tabaran ya ce wannan na karatu ne, kuma lambar idon wani. Ya ce ciwon na bin jini, 'ya'yanta su zo a auna su. Muka ce to, muka dawo gida. Ba wanda ya koma.

Iya ta rasu ba ta ganin wutar da take hurawa. Gwangwanin ya koma hannun Inna, mahaifiyata.

Ran Juma'ar da ta wuce na je Birchi. Inna na tsakar gida tana tsince shinkafa, tabarau a hanci. Na lallaɓo ta gefenta don in tsorata ta, kamar yadda na saba. Na tsaya. Na ɗaga hannu. Na yi rawa. Hannuna na kusa taɓa kunnenta, ba ta juyo ba.

Lokacin na gane ban taɓa iya sata ba. Iya ce ba ta ganina. Ta yi shekaru tana ba mu labarin kanta, mu muna cin gyaɗa.

"Inna, gobe za mu Katsina."

Ta zabura. "Kai, Ɗanlami, yaushe ka shigo? Katsinar mi? Ga tabaran Alhaji."

Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah, na kira kawu ya sa baki. Ta ce idonta ba ya ciwo, mai lafiya ba ya neman likita. Ni da nake sa 'yan tasha dariya har su riƙe ciki, na rasa kalma ɗaya da za ta ɗaga uwata daga tabarma.

Da safe tana alwala na zare tabaran daga gwangwani na jefa aljihu. Ta fito tana nema.

"Ya tafi Katsina, Hajiya. In kina so ki hau babur mu bi shi."

Ta zage ni tas, ta haɗa da kakannina, waɗanda iyayenta ne. Sannan ta ɗauko mayafi.

Mun kama hanyar Kurfi inda za mu shiga mota. Can na ji ta damƙe rigata ta baya. Ita ma ai a bakin wutar nan ta girma.

"Ɗanlami, in kurar ta riga ta iso hwa?"

Na laluba ko'ina a kaina, ba wasa ko ɗaya.

Na ce, "Riƙe ni da kyau, Inna," na ƙara wuta.