Makullin Banɗakin Layi

"To me kike yi a ciki? Minti arba'in, na duba agogo!"

Muryar Kafinta ce ta ratso bango da sassafe, ta tarar da Anti Nas zaune a bakin gado tana shafa man zafi a gwiwa. Bangon da ya raba ɗakinta da na maƙwabtan bulo ɗaya ne, ko cokali ya faɗi can sai ta ji. Ta tsayar da hannu.

"Abin da kowa yake yi," in ji matarsa, wadda unguwa ke kira Mai Keke saboda ɗinki.

"Kowa da waya yake shiga? Kowa da jajayen ido yake fitowa? Jiya ina shigowa kika kife wayar kamar na kama ɓarauniya. In akwai wanda kike magana da shi, ki faɗa mini in san matsayina."

"Ka faɗi duk abin da ya zo bakinka, Baban Yara."

"Wannan ce amsar?"

Aka buga ƙofa da ƙarfi. Babur ya tashi, ya yi nisa.

Anti Nas ba nas ba ce. Shekara ashirin da shida ta yi tana goge ɗakin mata a asibiti, tana kai tasa tana kawo tasa, ko allura ɗaya ba ta taɓa yi wa kowa ba. Mutane ne suka laƙa mata sunan, ita kuma ba ta taɓa gyara musu ba, don yana yi mata daɗi a kunne. Amma aikin ya bar mata ido. Ta san tafiyar mace mai ɓoye saurayi, ta san tafiyar mace mai ɓoye ciwo, kuma ta daɗe tana ganin Mai Keke na ratsa tsakar gida a ɗan duƙe, hannu a gefen mara na hagu.

Ta jira yara suka tafi makaranta, ta ɗauki wata riga da babu abin da ya same ta, ta tare Mai Keke kafin ta fita shago, ta ce a rage mata hannu.

Mai Keke ta karɓi rigar, ta jujjuya ta. "Anti, wannan ai ni na ɗinka, daidai take."

"Na sani. Kwana nawa rabonki da bahaya?"

Allurar da ke bakin Mai Keke ta faɗi ƙasa. Ta duƙa nemanta, ta daɗe tana nema. Daga can ƙasa ta ce, "Biyar."

"Kafin nan fa?"

"Huɗu. Wani lokaci mako. In na sha maganin wankin ciki sai ya ɓalle kamar famfo, kwana biyu ba ni da sukuni, daga nan ya sake ɗaurewa. Da yamma cikin sai ya kumbura, siket ɗin da na sa da safe ya ƙi zagayowa. Ga murɗa."

"Wayar fa?"

Mai Keke ta miƙo mata. Babu saurayi a ciki. Shafuka ne a buɗe, sun fi ashirin, duk a kan abu ɗaya: alamomin ciwon dajin hanji.

A nan labarin ya fito, guntu-guntu. Ita ce babba cikin 'ya'ya biyar. Tun ƙafarta ba ta kai fedar keke ba take zama gefen mahaifiyarta tana zare mata zare a allura. Da ta kai sha uku ita ke sa zif, uwar na yanka. Shekara takwas da suka wuce uwar ta fara cewa ba ta bahaya, aka yi ta ba ta jiƙe-jiƙe, har ta rame zobe ya riƙa zamewa daga yatsarta. Lokacin da aka kai ta asibiti aka ce an makara. Mai Keke ce ta yi jinyar, ita ta wanke, ita ta juya, ita ta gaji keken.

"Haka Mama ta fara, Anti. Sak."

"Shi ya sa ba ki gaya wa mijinki ba?"

"In na gaya masa zai ce asibiti. In na je asibiti za su faɗa. Muddin ba a faɗa ba, ai ban da shi."

Anti Nas ta dube ta. Wato yarinyar nan ta gwammace mijinta ya zarge ta da cin amana a kan likita ya kira sunan ciwo. Zargi ana iya rantsuwa a wanke shi, wancan kuwa ba ya jin rantsuwa.

"Kina ganin jini?"

"A'a."

"Kin rame?"

"Ina fa. Ƙiba ma nake."

"Ruwa kofi nawa kike sha a shago?"

Mai Keke ta ce, "Ba na sha."

"Ba kya shan me?"

"Komai. Sai na dawo gida."

Shagonta na cikin wani layi mai shaguna goma sha biyu, ita kaɗai ce mace. Banɗaki ɗaya ne a can ƙarshen layin, makullinsa a wurin mai walda. Da yake mutane na mantawa su tafi da shi gida a aljihu, sai mai walda ya ɗaure shi a jikin wani tsohon ƙarfen birki mai faɗin faranti, ya ƙara masa 'yar ƙararrawa. Duk mai buƙata sai ya je ya karɓa, ya ratsa gaban mai faci, mai aski da masu gyaran janareto, ƙarfen na kacau-kacau. A makonta na farko a layin ta je ta karɓa, mai walda ya ɗage tabaransa ya yi shela, "A ba Hajiya hanya, za ta ofis!" Aka yi dariya, ba da mugunta ba. Ba ta sake komawa ba. Shekara shida ke nan. Daga takwas na safe zuwa magariba tana kan kujera, ba ruwa, ba motsi in ba na ƙafa a kan feda ba, abincin rana biskit ko burodi, kuma duk lokacin da cikin ya yi kira sai ta matse ta ce ya bari a koma gida. A gida kuwa ya riga ya yi fushi, ya ƙi zuwa.

Anti Nas ta ji dariya na taso mata, ta danne, don a bayan dariyar akwai zoben uwar.

"Ki saurare ni, ƙanwata. Ni ba nas ba ce." Karon farko ke nan da ta faɗi haka da bakinta, ta ji wani iri. "Tasa na ɗauka. Ba zan ce miki babu komai ba, don ban sani ba. Wanda uwarsa ta yi wannan ciwon dole a duba shi da kyau. Gobe za mu je, ni da ke."

"In suka ce shi ne fa?"

"Sai mu ce alhamdu lillahi ba mu makara ba kamar Mama."

Sun je. Likitar mace ce mai yawan tambaya, ta rubuta komai har labarin makulli. Ta sa aka ɗebi jini, aka duba bahaya, kuma saboda tarihin uwar ta tura su a leƙa hanjin da na'ura. Kwana goma sha ɗaya aka yi ana jiran wannan da wancan. A cikinsu Mai Keke ta ɗinka hannun riga a baibai sau biyu, Kafinta kuma ya koma cin abinci a waje, yana shigowa da sallama a ciki-ciki.

Ranar sakamako Mai Keke ta riƙe gefen mayafin Anti Nas kamar yarinya.

"Hanjinki lafiya lau," in ji likita. "Babu ƙari, babu gyambo. Irin hanjin nan ne mai saurin fushi. Ba ya kisa, ba ya rikiɗewa ya zama wancan ciwon, amma ba ya son wulakanci, ke kuwa shekara shida kina yi masa."

Sai hawaye suka zubo wa Mai Keke. Likita ta bari ta gama, sannan ta yi mata bayani. Ruwa ya kasance a gefen keke, a riƙa kurɓa duk yini. Ganye da 'ya'yan itace a ƙara su a hankali, don in an afka musu lokaci guda kumburin ƙaruwa zai yi. Ta riƙa rubuta abin da ta ci da yadda cikin ya karɓa, saboda abin da ke tayar wa wani hanji ba shi ke tayar wa wani ba. Bayan karin safe ta shiga banɗaki ko da ba ta ji komai ba, minti goma, ba waya, ba yunƙuri, ta ɗora ƙafafu a kan wani abu mai ɗan tudu. Ta riƙa tashi tana taka ƙasa. Maganin wankin cikin nan na kanti a ajiye shi, ga wani mai laushi na ɗan lokaci. Damuwa ma tana murɗa hanji. In ta ga jini, ko rama, ko wani sauyi, ta dawo da gudu.

"Na ƙarshe," likita ta ce, "in ya kira, ki amsa. Ko da ƙararrawa."

Da la'asar ranar Anti Nas ta zauna a bakin gado, ba ta ko yi kamar tana shafa mai ba. Ta ji takarda na motsi a bayan bango.

"Wata nawa kina ɗauke da wannan ke kaɗai?" Muryar Kafinta ta yi ƙasa.

"Ya fi shekara."

"Kika bar ni ina zargin mai kawo miki yadi? Bawan Allah ya gaishe ni jiya na kau da kai!"

"Mai yadi? Tsohon nan mai haƙori uku?"

"To ni na san abin da kike gani?"

Dariyar da ta biyo baya sai da ta sa Anti Nas ta toshe nata bakin da zani. Ta lura bai ce a yafe masa ba. Irinsa ba sa iya faɗa. Washegari dai ta gan shi ya sauko daga babur da 'yar kujera ta katako, tsayinta taƙi ɗaya, an goge ta sumul har da fenti, ya wuce da ita banɗaki yana waige-waige kamar ya sato.

Cikin bai daina halinsa gaba ɗaya ba. Akwai ranakun da yake kumbura, musamman in ɗinki ya taru masu kaya suna sintiri. Littafin ya nuna mata madara ba ta yi da ita, ɗanyar albasa ma haka, gwanda kuwa ƙawarta ce. Amma mako biyar bayan asibiti, wata safiya, ta tsaya a ƙofar Anti Nas a miƙe, jaka a kafaɗa, ƙatuwar gorar ruwa a hannu.

"Wannan gorar ai ta matafiya ce," in ji Anti Nas. "In kika shanye ta, makullin fa?"

Mai Keke ta gyara mayafi. "Jiya sau uku na karɓa, Anti. Na uku ma ni na ce wa mai walda ya yi shelar, na ga ya manta."