Irin Tanko

A Tabotaki, a shekarun da suka biyo bayan babban farin nan na saba'in da uku, duk wanda ke son irin hatsi mai kyau gidan Tanko yake zuwa. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, ya san zangarniya kamar yadda wanzami ya san ƙeya. Yakan ƙulle ƙwaya ashirin a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana uku ya kwance ya ga nawa suka tsira. In manomi ya zo yana zagin gonarsa, sai Tanko ya ce masa ya bar ƙasar Allah ta huta, ya je ya duba abin da ya zuba mata.

Wannan hikima a bakin ƙofar gidansa take tsayawa. Shekara tara da aurensa da Zinariya, ko ɓari ba a yi ba. Gogo Zali, ƙanwar ubansa, ba ta bar saiwa ko ɓawon itace ba tsakanin Bouza da Keita da ba ta jiƙa wa Zinariya ba. Tanko da kansa yake riƙe ƙwaryar har ta shanye. A kakar shekara ta tara Zinariya ta ce, ba da faɗa ba, in an gama ɗaurin damma za ta koma gidansu Déoulé, ya samu wadda za ta haifa masa.

Shi ya sa ya ɗora ta a kamiyo, babbar motar kaya, zuwa likita a Madaoua. Aka duba ta, aka ce ba a ga komi ba. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, mutum mai kunya, ya ja Tanko gefe ya yi ƙasa da murya.

"Malam Tanko, ranar kasuwa ka dawo. Muna son mu auna irinka."

Tanko ya ji daɗi ƙwarai. Ashe sunansa ya kai har Madaoua. Ranar kasuwa sai ga shi shi kaɗai, da tiya biyu ta hatsi a cikin sabon ƙyalle, ya aza a tebur.

"Wanga na baƙar ƙasa ne, wanga na jigawa."

Majo ya daɗe yana kallon hatsin. Sannan ya rufe ƙofa, ya miƙa masa 'yar kwalba, ya yi bayani da Hausar da ba ta da lungu. Tanko ya ce da ƙasa ta tsage a lokacin, da ya shiga ya ja ta a kansa.

Bayan azahar Majo ya sa shi ya leƙa madubin da ke girmama ƙanƙanen abu. Ya ce a ɗigo guda na lafiyayyen namiji akwai ƙwayoyi fiye da hatsin rumbu, kowace da wutsiya kamar talibambam, suna iyo suna tsere zuwa ƙwan mace. Tanko ya leƙa. Ya ƙirga huɗu. Uku na kwance, ta huɗun tana juyi wuri guda da karyayyar wutsiya.

"Ka taɓa yin hangum da girmanka?"

Ya taɓa, shekarar da ya tafi cin rani kafin aure. Kumatu suka kumbura, sannan kumburin ya sauka inda ba a faɗi. Majo ya ce a cikin maraina akwai 'yan hanyoyi da suka fi zare siranta, a jikinsu ƙwayoyin ke rabuwa suna rabuwa har su zama iri. Zafin kumburin ya ƙone su, kuma da wuya su farfaɗo.

Tanko ya ɗauki hatsinsa. Kwana shida bai gaya wa kowa abin da ya gani ba. Da ya yi shiru har abada, ba mai sani, domin a Tabotaki ba a taɓa jin an tuhumi namiji ba. Amma ya ga Zinariya tana wanke kwanonin aurenta ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a kwando.

Rana ta bakwai da hantsi Gogo Zali ta shigo da sabon jiƙo, baƙi wuluk. Zinariya ta miƙa hannu kamar kullum. Tanko ya riga ta.

"Gogo, gonar lahiya lau take," ya ce, idonsa a kan yatsun ƙafarsa. "Irin ne ya mutu. Na gani da idona."

"Mi kake hwaɗi haka, ɗan nan?"

Tanko ya ɗaga ƙwaryar. Ya kafa kai ya shanye. Ɗacin ya murɗe masa fuska har hularsa ta karkace, hawaye suka zubo, kuma ya gode wa jiƙon da ya ba su dalili.

Gogo ta ɗauki takalmanta a hannu ta fita. Zinariya ta dube shi.

"Da ɗaci, maigida?"

"Ƙwarai."

"Wannan mai sauƙin ne. Na bara ya hi shi." Ta karɓi ƙwaryar ta ɗauraye. "Ƙwarya guda ka sha. Saura na shekara tara."

Da la'asar ta mayar da kwanonin inda suke. Tanko ya ci gaba da zaɓen iri har gashinsa ya yi fari, sai dai daga ranar, in manomi ya zo yana zagin gonarsa, a hankali yake yi masa magana.