Kaso na Goma Sha Biyar

A Jamtoli, idan aka ga hayaƙi yana tashi bayan gidan Junas Kullu da hantsi, kowa ya san ba girki ake yi ba, gora yake gasawa. Shekara talatin ke nan yana abu ɗaya. Ya shiga daji ya tono gora har da saiwarta, ya kara ta a wuta ta yi laushi, ya lanƙwasa gindin ya ɗaure, ya bar ta kwana uku, sannan ya zauna da wuƙa ya yi ta fira har ta zama sandar hoki, wasan nan da ake kora ƙwallo da sanda. Babu namijin da ya tashi a garin nan bai riƙa sandar Junas ba. Wani kuɗi yake kawowa, wani kaza, shi duk ɗaya ne a wurinsa.

Gajeren mutum ne mai furfura a gemu, yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu. Yana da 'yar gonar shinkafa da ke ciyar da gidansa, da shanun huɗa biyu, da matarsa Filomina, wadda takan ce mijinta ya fi sanin halin gora a kan halin 'ya'yansa. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce ai gora ba ta mayar da magana. Bai taɓa wuce birnin Rurkela ba a rayuwarsa, bai kuma taɓa jin ya rasa wani abu ba.

Aikinsa na biyu, wanda ba a biyansa ko sisi amma ya fi ji da shi, shi ne riƙon littafin ƙungiyar gari. Duk shekara bayan girbi ƙauyuka goma sha shida sukan haɗu a filin kasuwar Barbera su yi gasar hoki, wanda ya ci ya ja taure ya tafi gida. Dokokin gasar ba su da yawa. Kowane gari ya rubuta suna goma sha huɗu, kuma da an fara wasa an rufe littafi. An yarda a ɗauko ɗan wasan haya daga birni, amma abin da gari zai biya 'yan haya gaba ɗaya kada ya wuce kuɗin tauren da ake wasa a kansa. Dattawan da suka sa wannan doka sun ce wauta ce mutum ya sayar da sa don ya ci akuya. Ƙofa ɗaya aka bari: in ɗan wasa ya ji rauni, ana iya goge sunansa a rubuta wani. Wanda aka goge kuwa ya zama ɗan kallo. Ba ya ƙetare igiyar da aka kewaye fili da ita, ba shi da kaso a nama.

Junas ya san wannan ƙofa sarai, domin ta nan aka fitar da shi. Yana da shekara ashirin da shida gwiwarsa ta goce ana saura wasa ɗaya. Aka goge shi aka sa wani, Jamtoli ta ci taure, shi yana bayan igiya yana dogara da sanda. Da aka zo rabon nama a harabar coci aka kira suna goma sha huɗu, babu nasa. Ba wanda ya yi masa mugunta, doka ce. Amma abin ya yi masa ciwo, ya kuma zauna masa a rai. Bai ƙara buga wasa ba, ya koma sassaƙa. Da aka damƙa masa littafin daga baya, tun ranar ba a ƙara ganin an karce sunan kowa a cikinsa ba.

A bana Junas ya tsara lissafinsa tsaf. Ya ɗauko mai tsaron gida daga Rurkela da rabin kuɗin da doka ta yarda, ya ajiye ɗaya rabin bai taɓa ba. Sauran sha ukun duk 'yan gari ne, kuma a cikinsu Telesfor Baa ne ginshiƙi. Teles ya ba talatin baya, ba shi da gudu, in ana tsere ko tunkiya mai ciki sai ta ba shi rata. Amma a tsakiya yake tsayawa, bakinsa ba ya rufuwa, kuma duk ƙwallo ta hannunsa take bi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Jamtoli, saboda 'yan gaban nan biyu, Albis da ƙaninsa Kornel, shekara huɗu ba sa ga maciji da juna. Wata tsamiya ce a iyakar gonar da ubansu ya bari, kowa ya ce tasa ce. Ba sa gaisawa, ba sa zama benci ɗaya a coci, balle ɗaya ya miƙa wa ɗaya ƙwallo. Sai Albis ya ba Teles, Teles ya ba Kornel. A haka suka yi ta cin ƙauyuka, kowannensu yana ganin shi dai bai taimaki ɗan'uwansa da komai ba.

A wasan kusa da na ƙarshe wani ya kai sara, sandar ta kuskure ƙwallo ta samu Teles a sha raɓa. Har bayan igiya aka ji ƙarar. An dai ci wasan, amma minti goman da suka rage sun nuna wa kowa abin da ke tafe: Albis ya riƙe ƙwallo har a ƙwace, Kornel yana tsaye shi kaɗai a gaban raga yana kallon sama. A asibitin birni aka ɗaure ƙafar da filasta, likita ya ce wata biyu.

Kashegari mai gari Gabrel ya zo har gindin murhun gora. Sa'an Junas ne, tare suka yi wasa a da, don haka ba ya kwana-kwana da shi. Ya ce akwai wani yaro a Rurkela mai buga tsakiya, kuɗinsa daidai da rabin da aka ajiye, kamar an auna. Ya ce shekara bakwai rabon Jamtoli da taure, har matan Barbera sun fara tambayar matanmu a kasuwa ko sun manta yadda ake dafa nama.

"Ai don irin wannan rana ka ajiye kuɗin, Junas. Goge Teles kawai ka rubuta yaron."

Junas ya ci gaba da juya gorarsa a wuta. Ya ce ɗan Rurkela zai buga wasa ɗaya ya hau mota, kuma Albis da Kornel ba za su bi ta hannun baƙo ba.

"Kai dai gwiwarka kake tunawa," in ji Gabrel. "Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To bari ka ji, in ka bar mu muka shiga haka aka cinye mu, dattawa sun ce littafin nan zai canja hannu."

Da ya tafi, Junas ya daɗe zaune har gorar ta ƙone a hannunsa. Ya san Gabrel yana da gaskiya, ya san yaron Rurkela zai iya kawo taure. Yana kuma son littafin nan fiye da yadda zai iya faɗa, don shi ne ya maye masa gurbin wasan da ya rasa. Filomina ta kawo masa shinkafa da miyar ganye, ta dubi gorar da ta zama gawayi, ta ce tunda ya riga ya san abin da zai yi, ya ci abinci ya daina ɓata itace.

Ya je gidan Teles ya same shi kwance a gadon igiya, ƙafa a miƙe kamar taɓarya. Teles da kansa ya ce a goge shi, ba zai ji haushi ba. Junas ya dubi fuskarsa ya ga ƙarya yake yi, irin ƙaryar da shi ma ya taɓa yi.

"Alƙalamina ba shi da tawada," ya ce masa. "Ranar Asabar ka yi wanka da wuri."

Ranar Asabar da sassafe ya zo da wata doguwar gora mai kauri, ya ɗaure gadon Teles a jikinta da igiya ta yadda mutum biyu za su saɓa. Daga Jamtoli zuwa Barbera kilomita biyar ne, ta kunyoyin gonakin shinkafa da ƙetaren rafi. Ya shaida wa jama'a cewa likita ya hana a ɗora Teles a babur ko tarakta saboda jijjiga. Likita bai faɗi haka ba, amma ba wanda zai je birni ya tambaya. Sannan ya bi 'yan wasa yana auna kafaɗunsu da sanda, fuska a murtuke, ya ce in masu ɗauka ba tsayinsu ɗaya ba gado zai karkata, ƙafar ta sake gocewa. Duk ƙungiyar mutum biyu ne kawai kafaɗarsu ta zo ɗaya, don uwa ɗaya ta haife su. Gabrel ya ce wannan hauka ne, a gajiyar da 'yan gaba ranar wasan ƙarshe. Junas ya ce sai la'asar za a fara, za su huta.

Albis ya shiga gaba, Kornel a baya. Kilomita ta farko gado yana ta lilo domin takunsu bai haɗu ba, Teles yana ta zaginsu daga sama, yana cewa ko gawa ta fi shi samun ladabi. A kan kunya mai santsi Kornel, wanda gado ya tare masa gani, ya yi tuntuɓe har sau biyu. Da suka zo na uku sai aka ji Albis ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, akwai rami. A bakin rafi Kornel ya ce a sauya kafaɗa. Shi ke nan abin da suka faɗa, amma Junas da ke ɗingishi a bayansu ya ji, ya kuma ga daga nan gadon ya daina lilo.

Da yake sunan Teles yana cikin littafi, alƙalin wasa bai da ta cewa. Aka ɗaga igiya aka shigar da gadon aka ajiye a bakin layi. Barbera, wadda za a kara da ita, ta zo da 'yan haya uku masu takalma, 'yan Jamtoli yawanci ƙafa a ƙasa. Aka yi kare jini biri jini, kafin hutu Barbera ta jefa ɗaya. Bayan hutu Albis ya yanko ƙwallo ta dama, ya ɗaga kai yana neman Teles a tsakiya kamar yadda ya saba, bai ga kowa ba, ya tsaya cak. Daga kan gado murya ta tashi.

"Ba na nan, sakarai! Ƙaninka ne a gabanka, ko shi ma tsamiya ce?"

Fili ya ɗauki dariya. Albis ya ja sanda ya tura, Kornel ya tare ya zura a raga. Ba su rungumi juna ba, kada a yi musu ƙarya. Kornel dai ya ɗaga sandarsa wajen yayansa, shi ma ya ɗaga tasa. Sai dai gaskiyar Gabrel ta fito a ƙarshe. Ana saura minti biyar ƙafafun 'yan gaban suka yi nauyi, tsakiya kuma ba kowa, Barbera ta ratsa ta nan ta ƙara ɗaya. Suka ja taure, aka ba Jamtoli ɗan akuyan da ake ba na biyu, wani ramamme da ko kuka ba ya iya yi da ƙarfi. Da aka tashi komawa, Junas bai ce wa kowa ya ɗauki gado ba, ya waiwaya ya ga har Albis da Kornel sun saɓa sun kama hanya.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci aka yanka ɗan akuyan a haraba. Junas ya zo da littafin a naɗe cikin tsumma, ya miƙa wa Gabrel a gaban dattawa. Zuciyarsa ta yi nauyi, amma bai yi da na sani ba. Gabrel ya buɗe, ya juya shafi biyu, ya yamutsa fuska, ya ce wa zai iya karanta wannan rubutu kamar kaza ta yi tono. Ya mayar masa, ya ce ya kira sunaye kada nama ya sha iska, rabin kuɗin nan kuma a ajiye wa baɗi.

An shimfiɗa ganye an kasa nama, kowane kaso bai fi cikin tafi ba. Junas ya yi ta kira ana ɗauka. Da ya kira Telesfor Baa, Kornel ya ɗauka ya kai masa kan gado. Ya kira na goma sha huɗu ya rufe littafi, sai ya ga saura kaso ɗaya a kan ganye. Ya ce mai rabo ya yi kuskure, a tattara a sake.

"Ba kuskure ba ne," in ji Gabrel. Ya sunkuya da kansa ya naɗe ganyen, bai dubi Junas ba. "Shekara talatin da suka wuce na ci taure a harabar nan, kana tsaye can jikin bango. Na gan ka, ban ce komai ba. Ungo, ba shi da yawa, kai ka jawo mana ramamme."

Junas ya karɓa da hannu biyu. Ya saƙale littafin a hammata, ya ɗingisa zuwa gida. Filomina tana tsakar gida tana tsintar shinkafa, ta ga ganye a hannunsa ta tambaye shi na wane ne aka ba shi ajiya.

"Nawa ne," ya ce. "Ɗora tukunya."