Motar Surukin Baba

Har yanzu idan na taka birki sai na tuna wata baƙar mota. Ban taɓa zaunawa na ba wani labarin daga farko har ƙarshe ba, sai yau da nake rubuta shi.

Idon Baba ne ya fara dushewa, shi ya sa na koyi tuƙi bayan na gama sakandare, don in riƙa kai shi asibiti. Da aka ce ana neman tsohuwar mota mai sauƙi, sai surukinsa, mahaifin matar yayana, ya aiko da wata baƙa har ƙofar gidanmu a unguwar Shamaki, cikin garin Gombe, don Baba ya saya. An wanke ta tana ƙyalli. Baba ya shafa jikinta, ya ce madalla. Ko murfin injin bai yarda a buɗe ba. Wai a bincika kayan suruki? Ai daidai yake da ka ce masa maƙaryaci. Yayana ya sunkuyar da kai, ni kuma da zan riƙe sitiyarin ba wanda ya tambaye ni.

Maƙwabciyarmu ce ta leƙo. Mama muke ce mata, ma'aikaciyar gwamnati ce 'yar kudancin Gombe, ta daɗe tana jan motarta da kanta.

"Malam, an yi amarya ba a gayyace ni ba?" ta ce wa Baba. "To 'yarka ta kai ni Pantami, in ɗanɗana albarka."

Baba ya yi dariya, ya ce mu je.

Muna shan kwana ta ce in tsaya. Ta zaro wata na'ura kamar akwatin ashana daga jakarta, ta sunkuya ta soka ta a wani rami ƙarƙashin sitiyari, ta buɗe wayarta. Ta ce abin yana tambayar mota inda ke mata ciwo, motar kuma ta faɗa.

"Mama, idan Baba ya ji fa?"

"Surukin babanki ne, ba nawa ba."

Wayar ba ta nuna komai ba. Na yi ajiyar zuciya, ita kuwa ta ɓata fuska.

"Tsohuwa irin wannan, ko tari babu? Dubi agogonta, bai san ƙarfe nawa ba. An cire batir da safen nan don ta manta laifinta. Ja mu je, za ta tuna."

Muka yi ta zagaye, tana riƙe da wayar tana ba ni labarin jikokinta. Mun fara sauka wani gangare kenan sai wayar ta yi ƙara. Ta duba, ta ce, ba tare da ɗaga murya ba, "'Yata, birki ne. Gangara gefe."

Na taka. Ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka kunu. A gabanmu akwai keke napep cike da mata, ina ganin gyalen ta baya yana kaɗawa. Na fara salati, idona ya rufe.

"Buɗe ido. Saki ki sake takawa. Sake. Riƙe sitiyari kawai, sauran nawa ne."

Ta mayar da giya ƙasa, ta kama birkin hannu tana ja kaɗan-kaɗan, ba fizga ba. Motar ta yi gurnani, ta ja jiki, ta tsaya da hancinta cikin tulin yashin wasu magina. Keken ya wuce, matan ba su ma waiwayo ba. Na kifa kai a sitiyari ina kuka. Mama ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ɗauki hoton abin da wayar ta nuna.

Abin da ya fi tsorata ni a lokacin shi ne gida. Na san Baba: zai iya karɓar motar haka, ya ce a gyara a ɓoye, don kada ya buɗe baki gaban suruki. Ni kuma in koma cikinta.

Mama ba ta bi ta kan Baba ba. Ta tare mana keke muka nufi Dawaki, gidan surukin. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa wayar.

"Alhaji, wanda ya kawo maka motar nan ya so ya ba ka kunya a gidan surukai. Allah ya sa ni ce a ciki, ba Malam ba."

Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya kalle ni. Ko ya san da ciwon tun farko, ko bai sani ba, har yau ban sani ba, Mama kuma ba ta tambaya ba. Ya kira dillalin da ya kawo masa motar a gabanmu ya ce ya je ya kwashe kayansa. Da yamma surukin ya zo gidanmu da kansa ya ce wa Baba ya fasa cinikin, motar ba ta kai darajar Baba ba. Baba ya yi ta godiya.

A motar Mama nake kai Baba asibiti yanzu, kafin a samu wata. Tana zama a gefena. Idan muka doshi gangare sai ta ɗauko labarin jikokinta, ni kuma in taka birki tun daga sama.