Mai Madubi, Wanda Ake Ce wa Wan Likita

Haihuwa

An haifi marigayin da abokan aikinsa suka sani da Mai Madubi a watan Maris na shekarar 1952, a ɗakin da ke jikin gidan burodin mahaifinsa, bayan babbar kasuwa. Mahaifiyarsa ɗinki take yi a cikin gida. Shi ne ɗan fari. Bayan shekara biyu aka haifi ƙanensa, wanda daga baya kowa ya san shi da Likita, kuma ba a iya ba da tarihin ɗayansu sai an ambaci ɗayan, ko da yake marigayin ya so a ce ana iyawa.

A gidan burodin ya fara jin labarin halittun da ido ba ya gani, domin duk sanda ya ɗauko tafasasshen ruwa zai jiƙa yis, mahaifinsa yakan daka masa tsawa: "Kai, za ka kashe mini shi! Abu ne mai rai."

Karatu

An sa shi firamare a 1960. A 1964 mahaifinsa ya ƙone a hannu a bakin tanda, sai aka cire shi daga aji biyar domin ya riƙe kwaɓi, aka bar ƙanen a makaranta. Shekara uku ya yi a haka. Da ya koma, ya tarar ƙanen ya wuce shi da aji ɗaya, kuma tsofaffin littattafan ƙanen aka miƙa masa, da sunan ƙanen a bangon kowanne. Har ƙarshen rayuwarsa bai daina ba da labarin littattafan nan ba.

A 1973 ƙanen ya samu gurbin karatun likita. Shi kuwa a 1974 ya shiga makarantar koyon aikin ɗakin gwaji, ya kammala cikin shekara biyu.

Aiki

A 1976 aka ɗauke shi a babban asibitin garin, aka ba shi ɗakin da ke ƙarshen baranda, mai taga ɗaya, da dogon teburin siminti, da na'urar ƙara girman abu wadda ma'aikata ke kira madubi. Daga nan ya samo laƙabinsa. Aikinsa shi ne ya shafa kaki ko jini a ɗan gilashi, ya rina shi, ya nemo ƙwayar da ke cin mara lafiya. Yakan faɗa wa masu kawo kwalba cewa ƙananan halittun nan ba duka ne abokan gaba ba: su ke kumbura burodi, su ke sa madara tsami, su ke ruɓar da ganye ya koma taki, wasu ma a hanjin mutum suke taya shi narkar da abinci. Miyagun cikinsu kaɗan ne, amma sun iya ɓuya. Saboda haka, inda abokan aikinsa ke duba wuri ɗari a gilashi su rubuta babu, shi sai ya duba ɗari uku.

Aure

A 1979 ya auri wata malamar firamare da ake kira Malama. A makon farko ya nuna mata ɗigon ruwan kwata a madubi, ta ga abubuwa suna ninƙaya, ta ce, "Malam, da ka bar ni da jahilcina, ai na fi jin daɗin shan ruwa." Tun daga ranar ba a sake shan ruwan da ba a tafasa ba a gidan.

Annobar 1986

A 1983 aka turo ƙanen asibitin a matsayin likita. A daminar 1986 amai da gudawa ya ɓarke a unguwannin bayan kasuwa. Marigayin ya bi rijiyoyi goma sha ɗaya da ƙafa yana ɗibar ruwa, ya shuka shi a farantan gwaji, har ya gano ƙwayar a rijiyar da ke kusa da mahauta. Aka rufe rijiyar, annobar ta lafa.

Ƙa'idar asibitin ita ce mai gwaji haruffa biyu na sunansa kawai yake sawa a kusurwar takarda, likita ne ke sa hannu. Don haka rahoton ya fita da sunan ƙanen, shi hukuma ta yaba wa, kuma ƙofarsa mutanen unguwa suka je godiya. Da suka gamu da marigayin a baranda suka ce, "Wan Likita, ka taya mu yi masa godiya." Ya amsa da cewa, "Ni na riga shi zuwa duniya. Shi ne ƙanena." Suka yi dariya, suna zaton wasa ne. Sunan ya bi shi. Shekara goma sha ɗaya babu abin da ya haɗa shi da ƙanen sai gaisuwa, ita ma "ranka ya daɗe, Likita" yake cewa, da muryar da kowa ya san ba girmamawa ba ce.

Kwalba Mai Lamba 412

A 1997 Likita ya kamu da tari, ya rame. Sau biyu ya kai kakinsa gwaji a waje aka ce babu komai, kunya kuma ta hana shi neman wansa. Daga ƙarshe ya turo kwalba da lamba kawai, kamar ta kowane mara lafiya, sai dai takardar babu shekarun mara lafiyar, babu ɗakin da aka kwantar da shi. Marigayin ya daɗe yana jin tarin nan daga ƙarshen baranda, ya gane. Ya duba wuri ɗari uku bai ga komai ba, ya goge idonsa ya ci gaba, har ya ci karo da jajayen sanduna huɗu, ƙwayar tarin fuka. Ya rubuta cikakken sunan kansa a gurbin sa hannun likita, ya kai takardar da kansa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga sakamakon mara lafiyarka. Ka ce masa wansa ya ce kada ya tsallake magani ko na kwana ɗaya."

Likita ya warke. A gari aka riƙa cewa Likita ya gano cutarsa, ya warkar da kansa. Da labarin ya iso gida, marigayin ya ture kwanon abincinsa, ya ce da Malama, "Kin ji ko? Har huhunsa ma ni na duba, amma shi ya gano."

Ritaya da Rasuwa

Ya yi ritaya a 2011, idonsa na dama ya riga ya dushe. Ya rasu ranar Talata, 14 ga Mayu, 2019, yana da shekara sittin da bakwai, bayan jinyar mako biyu. Aka yi masa sallah a ƙofar gidansa. A maƙabarta wani mai wucewa ya tsaya ya tambayi ko wa ya rasu, aka ce masa wan Likita. Likita yana cikin kabarin yana karɓar gawar, ya ɗago kai ya ce, "Mai Madubi ne. Ni ne ƙanensa."

Ya bar Malama da 'ya'ya huɗu: babbar 'yarsa ungozoma, mai bi mata direban motar haya, sai tela, sai autansu wanda bai ƙarasa sakandare ba. A hannun autan takardar mai lamba 412 take, domin Likita ya kawo ta da kansa kwana uku bayan jana'iza. Allah ya jiƙansa da rahama.